Tsayuwa Bisa Gora

Ranar da masana za su zauna rubuta tarihin adabin sararin samaniya a kwarin Rima, kuma ban fid da rai za su zauna ba, wajibi ne su fara daga wani ɗaki ciki da falo a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, mai taga ɗaya wadda ba ta buɗuwa sai an doke ta. A nan aka haifi wannan fanni, a kan teburin da ƙafarsa ɗaya ta dogara da bulo. Ni na haife shi, ni kuma na yi renonsa, domin babu wanda ya zo ya karɓe ni.

A lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, duk abin da mutum yake nema mai hatimi sai ya hau mota. Ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare. Ɗakin karatunmu yana da tarin tsofaffin mujallu masu hotunan kumbo da 'yan sama jannati, sai dai gara ta riga ni zuwa. Kusan duk labarin da na fara, sai in tarar ta cinye ƙarshensa. Na ga dole wani ya ƙarasa, kuma da na duba ɗakin malamai ban ga mai niyya ba. Abokan aikina suka sa mini Malamin Wata. Malamin Larabci kuwa duk safiya sai ya tambaye ni ina mutanena za su fuskanta idan salla ta riske su a can sama. Har yau ban ba shi amsar da ta gamsar da shi ba.

Shekara biyu na yi a kan babban littafina. Labarin wasu mutane ne daga wata duniya da ruwanta ya ƙafe, masu ido uku da fata kamar ta guza. Suka taso cikin kumbo suna neman inda za su ga ruwa, suka ratsa taurari, suka sauka a bakin gulbi a Argungu. Jarumin labarin masunci ne, shi ya tarbe su, ya ciyar da su kifi, daga baya ya bi su zuwa duniyarsu ya koya musu haƙa rijiya. Na rubuta shi da hannu cikin littattafan rubutu uku irin na 'yan makaranta. Kwafi ɗaya ne tak a duniya, wannan da muke ciki da waccan da na ƙirƙira.

Wani mai maɗaba'a a Sakkwato ya yarda zai buga. Ya juya littattafan a hannunsa kamar mai tayin kaza, ya auna kaurinsu, ya ce in je in gyara rubutun da bai fita ba, in dawo masa da su kafin mako biyu. Bayan haka zai shiga aikin rajistar makarantu, injinsa ba zai huta ba sai baɗi, baɗin ma in Allah ya kai mu.

Cikin mako biyun nan ne na yi wautar da ta zama sanadin komai. Matata 'yar Argungu ce, ɗiyar masunta tun kaka da kakanni, tana gidansu wankan jego na haihuwarmu ta fari. Ta yi makarantar horon malamai, kuma ita kaɗai ce ta taɓa karanta rubutuna ba ta yi hamma ba. Ta aiko cewa zaman ɗaki ya ishe ta, in kawo mata abin karatu. Na kai mata littattafan uku, a kan zan koma ranar Asabar in karɓa, in wuce da su Sakkwato ranar Litinin.

Abin da ban sani ba shi ne, da la'asar takan karanta wa mahaifiyarta da gwaggonninta a tsakar gida, da ƙarfi, har da canza murya. Bayan zana kuma surukina yana zaune yana ɗinkin komar kamun kifi. Kwana uku yana saurare. A na huɗu ya aika aka karɓo littattafan, ya sa su cikin tukunyar da yake ajiye ƙugiyoyinsa, ya rufe da faifai.

Na sauka tashar Argungu da hantsi, rana ta riga ta fara hukunci, gari duk warin albasa domin lokacin cirarta ne. Matata ta tare ni a ƙofar ɗaki tana danne dariya.

"Malam, mutanenka suna hannun Baba."

"Waɗanne mutane?"

"Masu ido uku. Ya kama su. Ya ce in ka zo yana zaure."

Wanda ya san kunyar suruki ya san halin da na shiga. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa nesa da tabarmarsa, na sunkuyar da kai. Yayan matata yana gefe yana gyaran gora, fuskarsa cike da murnar abin da zai same ni.

Bayan mun gaisa, tsohon ya yi gyaran murya.

"Malam, na ji labarin ga naka. Mutanen ga da sunka taho daga sama, ido uku ag gare su?"

"Uku, Baba."

"Ikon Allah ya hi haka. Jirgin nasu kuma babu mai, babu iska, da wuta shika tahiya?"

"Da lantarki, Baba."

"Wanga ba abin mamaki ba na. Kihin ga minjirya ma da wuta cikin jikinta, kuma ba ta yi makaranta ba."

Na fara samun natsuwa. Ashe sharar fage yake yi. Ya buɗe tukunya, ya zaro littafi na biyu, ya miƙo mini. Bai iya boko ba, amma ya sa ƙashin kifi daidai shafin da yake so.

"Karanta min nan."

Na karanta da muryar da nake karanta sanarwa a taron safe. Jumla ce da nake alfahari da ita: jarumi ya miƙe tsaye bisa gora a tsakiyar gulbi, ya jefa homa, ya jawo giwan ruwa, baƙi suna kallo da idanunsu tara, domin su uku ne.

Yayan matata ya kife a kan gorarsa, kafaɗunsa suna rawa.

"Ya miƙe tsaye," in ji tsohon a hankali. "Bisa gora. Yaj jefa homa. Malam, wa ag gaya maka ana jefa homa?"

A nan ya kamata in yi wa mai karatu bayanin da ni ba a yi mini ba sai da na shekara talatin. Gora ƙatuwar ƙwarya ce rufaffiya mai ƙaramin baki, masunci yana kwanciya a kanta da ƙirji ta ɗauke shi bisa ruwa, kifin da ya kama kuma a cikinta yake zubawa. Homa kuwa koma ce mai bakin sanda lanƙwasasshe, biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu, a nutsa da su a haɗa bakinsu a kan kifi. Wadda ake jefawa birgi ce, kuma daga jirgi ko daga gaɓa. Ni da na zana wa ɗalibai taswirar gulbin nan a allo ya fi a ƙirga, ban taɓa sa ƙafa cikinsa ba.

Na yi ƙoƙarin kare kaina da ilimi. Na ce ai labari ne na ƙirƙira, marubuci yana da 'yancin ya sa abin da bai faru ba.

"Can sama ka sa abin da kaka so, ba mu da kowa can. Amma ka rubuta Argungu. Takardar ga za ta tai Kano, ta tai Zariya, a ce masuntan Argungu bisa gora suka tsayi kamar balbela bisa saniya. Ni da raina? Ba ta hita gidan ga."

"Baba, jibi ne mai maɗaba'a ya ce..."

"To gobe ka taho gulbi. In ka tsaya bisa gora, in ba ka takardunka, in ba ka haƙuri gaban jama'a."

Na kwana gidan wani abokina malami, wanda ya ba ni shawarar in koma Birnin Kebbi in sake rubuta littafin daga ka. Na gwada tuno shafin farko, na tarar ko sunan duniyar da na ƙirƙira sai da na yi tunani.

Da safe muka sauka wani gurbi da ba a hana kamun kifi a cikinsa ba, ruwa ya ja baya sosai saboda bazara. Matsala ta farko ba ta ruwa ba ce. Ta yaya mutum zai tuɓe riga a gaban surukinsa? Na tsaya ina kallon ƙasa, shi ma ya juya yana kallon wata bishiya da ya sani tun yana yaro. A ƙarshe na shiga da dogon wando da singileti, na ajiye agogo da tabarau cikin hula. Masunta biyar ko shida da suka ji labari sun riga sun sami wurin zama.

Yayan matata ya turo mini gora.

"Bismilla, Malamin Wata. In ka ga za ka hwaɗi, kira masu ido uku."

Ina so tarihi ya rubuta cewa na gwada. Na ɗora gwiwa ɗaya, na ɗora ta biyu, na fara ɗagowa. Na ɗan lokaci, wanda bai kai a ce amin ba, na ga gaɓar gulbi daga inda babu masuncin da ya taɓa ganinta. Daga nan gora ta tafi gabas, ni na tafi ƙasa. Na sha ruwa, na yi kalmar shahada a zuci, na yi ta bugun ruwa da hannu, sai na ji muryar tsohon daga sama.

"Malam, miƙe. Ruwan ga iyakar cibiya na."

Na miƙe. Gaskiyarsa ne.

Ban taɓa jin surukina ya yi dariya ba sai ran nan, kuma da ya fara sai da aka riƙe shi. Da ya huce ya shigo ruwan da kansa, ya kama ni kamar buhun shinkafa ya kwantar bisa gora, ya nuna mini inda ƙirji yake zama da yadda ƙafa take tuƙi. Ya damƙa mini homa biyu. Muka yi ta yi har rana ta take tsaka. Na koyi cewa ba a bin kifi ta baya, kuma masunci yana jin motsinsa a ƙafa kafin ya gan shi. Kunya ta tafi da ruwa, har na ji kaina ina gardama da shi a kan yadda na riƙe sanda.

Kamu ɗaya na yi. Na haɗa bakin homa, na ji nauyi, na kai hannu cikin murna, sai wani abu ya daki hannuna tun daga yatsu har ƙeya. Ihun da na yi ya tashi tsuntsaye.

"Minjirya ta!" in ji yayan matata. "Baba, ya kama injin jirgi nai!"

Bayan azahar muka zauna a zaure, ni da biro, tsohon da sharuɗɗa. Babin da yake shafi biyu ya fara kumbura. Sai da jarumi ya nemi izinin Sarkin Ruwa kafin ya taɓa gulbi. Sai da baƙi suka cire takalmansu na ƙarfe. Aka bayyana wace koma ake sa wa wane kifi, da watan da ake yi, da abin da ya sa giwan ruwa ba ta shiga bakin gora. Duk inda na sa kalmar ado sai ya ce in cire, kifi ba ya son surutu. Matata tana bayan zana tana gyara mana mu biyun. Kafin magariba mun cika shafi ashirin, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa rubuta abin da ya kai su kyau ba, ko da yake rabinsu shifta aka yi mini.

Tsohon ya sa na karanta masa daga farko. Ya gyaɗa kai, ya ɗauko sauran littattafan daga tukunya, ya haɗa mini da ƙullin busasshen kifi in kai wa mai maɗaba'a.

"Yanzu ko Makka ta tai, ba mu jin kunya."

Na isa Sakkwato ranar Litinin, littattafai suna ƙarnin kifi, hannuna na dama bai gama dawowa ba. Mai maɗaba'a ya karɓi kifin da hannu biyu, littattafan da hannu ɗaya. Bayan wata biyu ya aiko mini da ɗauri na farko a motar haya. Na buɗe a tasha, ban ko jira na kai gida ba, na nufi babin gulbi.

Takardar da ya tanada ta tsohon kaurin ce. A gurbin shafi ashirin ɗin nan ya sa layi ɗaya: jarumi ya kama kifi.