Ranar da na kira sunan ɗan farina

Shekarun baya can, tun rediyo ɗaya ce tak a ƙauyenmu da ke gefen Tsarnawa, ni ce gwanar kunya. Ba yabon kai ba, da ni ake misali. Da na haifi ɗana na fari ban taɓa kallonsa a gaban mutane ba, nono ma sai surukata ta yi mini tsawa nake ba shi, fuskata na kallon bango. Sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Ko wani mai irin sunan na gamu da shi, sai in ce masa "mai sunan yaro". Mata na cewa, "Ku dubi ɗiyar mutane, ta san girma." Ni kuma kaina na ƙara kumbura.

Da aka yaye shi sai ya koma ɗakin surukata, kakarsa ke nan, kamar yadda aka saba. Gida ɗaya muke, bango ne kawai tsakanin ɗakina da nata. Ita yake kira Inna, ni kuma Yaya, don haka ya ji ƙannena na kirana. Ita ke yi masa wanka, ita ke tsokanarsa da "mai gidana, yau ma ba cefane?" Ni nawa in dafa in aika.

Yana da shekara huɗu tari ya kama shi. Ba irin na mura ba, wannan idan ya taso sai ƙirjinsa ya riƙa wata 'yar ƙara kamar kukan ɗan kyanwa, haƙarƙarinsa na shiga suna fita. An yi jiƙo, an yi rubutu, an shafa man shanu, an turara shi da hayaƙi har ɗakin ya yi duhu. Abin sai gaba yake. Mahaifinsa ya tafi cin rani Sakkwato, don haka wata safiya surukata ta goya shi muka tare motar kasuwa zuwa gidan likita a Ƙonni. Ni ina biye da ƙwaryar fura, kamar wadda ta zo rakiya.

Likitan, da muke ce wa lokotoro, wani dogo ne mai farin gilashi. Ya ɗauko kati ya dube ni.

"Mi as sunan yaron?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zane. Ya sake tambaya. Sai surukata ta faɗa.

"To ina uwatai?"

Ta nuna ni da baki. Ya yi murmushi, da gani ba yau ya fara gamuwa da irina ba. Ya juya wurinta. "Inna, yaushe abin ka taso mai?"

"Lokotoro, ni kunnena ya yi nauyi. Sai na ga shina haki nika sani."

Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Ina kallon bango na ce yana farawa da tari uku busassu, sannan ƙarar ta biyo. Na ce ya fi tasowa ranar da aka kwana da wuta a ɗaki, da ranar da ake sussuka, kuma idan ya kwanta rigingine abin ya fi tsanani. Na ce sau bakwai ke nan tun faɗuwar ruwan fari. Surukata ta saki baki tana kallona. Ba ta san cewa na daɗe da matsar da gadona jikin bangon da ya raba mu ba.

Lokotoro ya ɗora abin saurarensa a bayan yaron, ya daɗe yana ji. Sannan ya ce, "Huka ta. Ba ciwon da allura guda ka kashewa ba na, zama aka yi da ita." Jin kalmar fuka sai na tsorata, don ni a sanina ciwon tsofaffi ne, kuma da shi suke tafiya. Ya ce a raba shi da hayaƙi da ƙaiƙayi. Ya ba mu wasu 'yan ƙwayoyi farare, ya nuna yadda za a raba ɗaya biyu. Ya ce idan leɓensa ya yi duhu a kawo shi ko a kan jaki ne.

Har mun miƙe ya tsayar da ni. "Ke, ɗiyata. In abin ya taso, tsoro na ƙara toshe mai ƙirji. A zamnar da shi, a riƙe shi, a yi mai magana sannu-sannu har ya natsu. Ba magani kaɗai ka aiki ba." Na ce to. A raina kuwa na ce wannan aikin Inna ne.

Muka dawo aka fitar da kaskon wuta daga ɗakin surukata. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta haƙura da ɗumi saboda mai gidanta, kullum tana mita tana ƙara bargo. Ƙwayoyin na ƙulle su a bakin zanena. Aka samu sauƙi na 'yan watanni.

Sai lokacin kaka ya zo, aka yi girbi. Ranar surukata ta tafi bikin suna a Badagishiri, ba za ta dawo ba sai washegari. Bayan azahar matan maƙwabta suka hau sussuka a bayan dangarmu, iska kuma ta juyo. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji tari uku busassu. Kafin in ajiye rariya ƙarar ta fara.

Nan da nan gida ya cika. Wannan na salati, waccan na cewa a kwantar da shi, wata har ta rugo da garwashi za ta yi masa turare. Shi kuma yana tsakiya a kan tabarma, kafaɗunsa na ɗagawa, idanunsa sun firfito yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Innarsa yake nema. Ni ina tsaye a bakin ɗaki, don uwar ɗan fari ba ta shiga irin wannan taro. Wallahi na tsaya. Har yau idan na tuna tsayuwar nan sai in ji haushin kaina.

Da ya rasa ta sai idonsa ya sauka a kaina. Bai miƙo hannu ba, don bai saba ba. Kallona kawai ya yi.

Na ture mai garwashin har kaskon ya kife. Na zauna na ɗora shi a cinyata, bayansa a ƙirjina, na kwance bakin zane na ba shi rabin ƙwaya da ruwa. Na rasa me ake ce wa yaro, ni da ban taɓa ce masa komai ba sai "kai" da "tashi". Sai na sa bakina a kunnensa na kira sunansa. Na sake kira. Na ce, "Ga ni nan. Ja sannu, saki sannu. Ba inda za ni."

Na ji wata ta ce, "La ilaha! Sunanai ta hwaɗi!" Ban ɗaga kai ba. Ina duba leɓensa, ina jan numfashi tare da shi, ina kiran sunan nan kamar mai biya karatu. Sai da aka yi la'asar ƙarar ta fara laushi, kansa ya faɗo a kafaɗata, gumi ya jiƙa mu duka. Ranar na fara sanin nauyin ɗana tun da aka yaye shi.

Kafin surukata ta sauka daga mota labari ya riga ta isa. Ta kira ni ɗakinta, na durƙusa ina jiran faɗa.

"An ce kin zubda kunya gaban jama'a."

"Inna, ki yi haƙuri."

Ta daɗe tana murza gwiwarta. Sannan ta ce, "Mijinki ba shi na na hwari gare ni ba. Akwai wani. Ga hannun maƙwabciya ya cika, ina tsaye bakin ƙohwa ina kunya." Ta share ido da gefen mayafi. "Tashi ki ba ni hura, yunwa nika ji."

Kuna tsammani daga nan na gyaru? Ina! Hali zanen dutse. Idan abin ya taso ni ce mai riƙo, idan ya lafa in koma Yayarsa, sunan kuma in mayar da shi inda yake.

Wata rana da hantsi ina wanke-wanke sai ga shi ya zo ya tsaya a gabana. Ya yi tari uku, ya ɗaga kafaɗu. "Yaya, abin ya taso." Na yi maza na janyo shi na kara kunne a bayansa. Ƙirji sarai, ko ɗigon ƙara babu. Na leƙa fuskarsa, ya runtse ido ɗaya yana satar kallona da ɗayan. Na gane, amma na ɗora shi a cinya na yi shiru. Can ya ce, "Ba ki hwaɗi ba."

"Mi?"

"Sunana."

Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma dariyar ta tafi ta bar hawayen. Yaro ɗan shekara biyar ya lissafa cewa sai numfashinsa ya tsaya yake samun uwa. Ba wanda ya koya masa haka sai ni.

Ban ce kunya aibu ce ba, da ita aka raine mu kuma tana da kyanta. Sai dai na gane cewa yabon da mata ke yi mini, shi ke biyansa. Fukar ta yi ta raguwa da ya girma, yanzu sai jefi-jefi. Yau ga shi da furfura a gemu, da jikoki. A gaban baƙi har yanzu "babansu" nake ce masa, tsohuwar zuma ce ni. Amma kullum da safe idan ya shigo gaishe ni, tun bai gama cire takalmi ba nake kiran sunansa, ba na jira sai ya yi tari.