Shekarar da Auta Ta Ƙi Ambata

A layinmu ba wanda yake kiranta da wani suna in ba Auta ba. Ita ce ƙarshen 'ya'ya uku na mai gyaran firji, wanda shagonsa yake ƙasan benen da suke haya, bango ɗaya da shagon ɗinkina. A gabana ta girma. In an tashi makaranta takan zauna a kan wani mataccen firji da aka kwantar ya zama benci, ta buɗe littafi a cinya, babanta yana aiki yana zuba mata barkwanci. Yakan ce ai shi ma likita ne, sai dai marasa lafiyarsa ba sa raki, in kuma sun mutu yana iya kwashe kayan cikinsu ya sa wa wani. Ko daga nan ta ɗauko son likitanci, ko daga wani wuri, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ba ta taɓa ambata wani aiki daban ba.

Da ta gama sakandare makinta ya gaza kaɗan, sai jami'a ta ba ta ilimin halittu. Aka ce mata in ta fita da sakamako mai kyau, akwai ƙofar da masu digiri suke bi su shiga makarantar likitanci. Shekarar farko ta yi abin a yaba.

Tana tsakiyar shekara ta biyu babanta ya yanke jiki ya faɗi a shago wata safiya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yayanta namiji direban babbar mota ne, sai ya yi makonni yana kan hanya. Yayarta mace tana aure a wani gari mai nisa, ga yara ƙanana. Innarsu kuwa ta daɗe tana fama da ciwon baya, ko bokitin ruwa ba ta iya ɗagawa, balle ƙaton namiji. Ba wanda ya zaunar da Auta ya ce ke za ki ɗauka. Kayan ne kawai suka zauna a kanta, ita kuma ba ta sauke ba.

Ita ce mai juya shi a gado kada bayansa ya yi gyambo. Ita ce mai ba shi abinci da ƙaramin cokali, tana jira ya haɗiye kafin ta ƙara. Ranakun zuwa gashin ƙashi a asibiti takan rataya hannunsa mai lafiya a wuyanta, su sauko benen a hankali, ita tana haki, shi yana ƙoƙarin yi mata wasa da bakin da ya ƙi ba shi haɗin kai. Daga asibiti take wucewa aji, in ta samu wucewa. Ta faɗi darussa biyu, ta maimaita, ta sake faɗuwa kemistiri. A makaranta ba ta gaya wa kowa halin da ake ciki a gida ba. Ta kammala digirin a makare, da sakamakon da ita kanta ba ta son kallo.

Duk da haka ta nemi makarantar likitanci, aka ƙi ɗaukarta. Shekara ta zagayo ta sake nema, aka sake ƙi. A cikin abin da ake tambayar masu nema har da ko akwai wani dalili da ya sa makinsu ya yi ƙasa a wani lokaci. Sau biyun duka ta tsallake tambayar, ta cika sauran wurin da dogon bayani kan son taimakon al'umma. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce ba za ta ɗora ciwon mahaifinta a faranti tana talla don a ji tausayinta ba.

A tsakanin nan ta samu aiki ba tare da ta nema ba. Shugabar ɗakin gashi ta daɗe tana lura da yadda take tayar da babanta daga kujera, sai ta ce suna neman mataimakiya. Aikin ba na a-zo-a-gani ba ne: goge katifu, ɗumama jakunkunan da ake ɗora wa gaɓɓai, riƙe ƙugun mai koyon tafiya tsakanin ƙarafuna biyu, kwashe tawul. Ta saba, marasa lafiya suka saba da ita. Mutanen layi suka fara cewa ta haƙura haka, ai ga digiri ga aiki. Innarta ma ta faɗa, cikin lallashi. Wata da watanni ba mu sake jin maganar likitanci a bakinta ba, har na ɗauka ta binne ta.

Sai ga malamar da ta kayar da ita a kemistiri ta zo ɗakin gashin da karayar wuyan hannu. Dattijuwa ce siririya mai tabarau, ɗalibai suna kiranta Ba-Sani-Ba-Sabo, don ko ɗan cikinta ne ya gaza da maki ɗaya ba za ta cika masa ba. Auta ta so ta zille, amma ita aka tura ta ɗora mata jakar ɗumi. Malamar ta dube ta ta saman tabarau, ta ce ai ta gane ta, ita ce mai gyangyaɗi a kujerar baya wajen taga. Auta ta amsa cewa ita ce, ta ci gaba da aikinta.

A zuwanta na gaba malamar ta ga wani mutum ya shigo yana dogara sanda mai ƙafa uku, ta ji Auta ta kira shi Baba. Ta tambayi tun yaushe yake haka, aka gaya mata. Ta lissafa shekarun a ranta. Auta ta zaci tausayi zai biyo baya, sai ta ga fuskar malamar ta ɗaure. Ta ce jami'a tana da tsarin da ɗalibin da irin wannan ta same shi zai jingine karatu ya dawo daga baya ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba, kuma da ta ƙwanƙwasa ofishinta sau ɗaya da ta nuna mata hanya. Auta ba ta taɓa jin haka ba. Ta ce mini ranar ta shiga ɗakin ajiye tawul ta daɗe ba ta fito ba.

Kafin hannun malamar ya warke sun yi magana da yawa. Abin da Auta ta fi riƙewa shi ne ranar da ta ce mata: "Takardunki sun nuna kin faɗi, babu inda suka nuna kin tashi. Masu ɗaukar ɗaliban likitanci ba 'yan duba ba ne, abin da aka ajiye a gabansu shi suke gani. Ki koma aji."

Ta koma. Ta shiga tsarin masu karatun yamma da Asabar, ta sake ɗaukar kemistiri da sauran darussan da ta yi rauni a cikinsu. 'Yan ajin duk ƙannenta ne, Anti suke ce mata, suna tashi su ba ta kujera, abin yana ba ta dariya yana kuma sosa mata rai. Gwajin farko ta samu maki tsaka-tsaki. Wannan ya fi ƙin ɗaukarta da aka yi zafi, domin yanzu Baba yana iya zuwa banɗaki da kansa, ba ta da abin da za ta jingina da shi. A nan ta gane ba ciwon ne kaɗai ya kayar da ita ba. Tun sakandare hadda take yi, ta zuba a jarrabawa ta manta, kemistiri kuwa ba ya yarda da hadda. Ta ɗauki takardar gwajin ta tafi ofishin Ba-Sani-Ba-Sabo, ta ce a nuna mata daga inda ta fara ɓata. Malamar ta mayar da ita can tushe, abubuwan da 'yan shekarar farko suke raina. Ba ta sassauta mata ko kaɗan ba, amma ba ta taɓa rufe mata ƙofa ba.

Akwai abin da ya fi wannan yi mata wuya. Ta kira yayyenta ta ce musu ba za ta iya ci gaba da ɗaukar gidan ita kaɗai ba. Ba a saba jin haka daga bakinta ba. Yayarta ta ji haushi da farko, ta ce da ma ƙorafi ake yi da ita a ɓoye. Yayanta namiji kuwa sai da ya dawo ya zauna a shagona yana murza makullin mota, ya ce shi fa duk tsawon lokacin nan in ya tambaya sai ta ce lafiya lau, shi kuma ya ji daɗin yarda. Bai daɗe ba ya bar doguwar hanya ya koma rarraba kaya a cikin gari, duk da samun bai kai na da ba. Yayar ma ta huce, ta riƙa zuwa lokacin hutun yara. Ƙarshen shekarar Auta ta fito a sahun gaba a kemistiri.

Da lokacin nema na uku ya zo, ta rubuta bayaninta, ta zauna a barandar bene wata Asabar da la'asar tana karanta wa babanta. Ta ambaci ɗakin gashi, ta ambaci komawa aji. Shekarar faɗuwar kuwa ta ce kawai an samu wasu matsaloli na gida. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ta, da maganarsa mai fita a rarrabe, ina shi a ciki. Ta ce ba ta son ta yi bara da shi.

Ya dubi titi ya ce, "Auta, na ɗauka kunyata kike ji."

Ta ce mini ba ta taɓa jin magana ta yi mata ciwo kamar wannan ba. Shekaru tana ganin rufa masa asiri take yi, ashe shi yana ganin ɓoye shi ake yi. Ta durƙusa kusa da kujerarsa tana rantse-rantse, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tsayar da ita. Ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce ta faɗa wa masu ɗaukar ɗaliban abin da ya faru yadda ya faru, kada ta ƙara gishiri, kada kuma ta ce shi kaɗai ne ya kayar da ita, don ya ji labarin haddar. Sai ya yi dariyarsa ta gefen baki.

Ta sake rubutawa. Shekarar da ta daɗe tana tsallakewa ta ba ta layuka kaɗan, ba kuka ba roƙo: ga abin da ya sami mahaifinta, ga abin da ta yi, ga inda ta yi kuskure da ta yi shiru, ga abin da ta gyara. Malamar da shugabar ɗakin gashi suka rubuta shaidarsu a kanta. Wannan karon aka kira ta ganawa.

Mutum uku ta tarar a bayan dogon tebur. Wani dattijon likita a cikinsu ya tambaye ta kai tsaye: karatun likitanci dogo ne, in ciwon mahaifinta ya tashi tana tsakiyarsa fa? Ta ce tana iya yiwuwa ya tashi. Ta bayyana yadda suka raba kula da shi ita da yayyenta, sannan ta ce, "In abin ya fi ƙarfinmu, zan zo in faɗa muku tun kafin jarrabawa ta faɗa muku." Dattijon bai yi murmushi ba, ya dai rubuta wani abu.

Amsar da ta zo ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. An sa ta cikin masu jiran ko wani zai bar gurbinsa. Ta ci gaba da goge katifu. Ni da nake ganin shigarta da fitarta ban ga ta rame ba, ban kuma ga ta sake ba. Ta ce in ba a samu ba za ta nemi karatun gashin ƙashi, don ta gano tana son aikin, kuma ba faɗar baki take yi ba. Ana gab da buɗe makaranta wayarta ta yi ƙara a aljihu tana riƙe da ƙugun wata tsohuwa mai koyon taku. Sai da ta kai tsohuwar ƙarshen ƙarafunan ta zaunar da ita, sannan ta fita baranda ta bi kiran. Wani ya janye, gurbin ya zama nata.

Yanzu tana shekara ta biyu, kusan ita ce babba a ajinsu. Ba ta fi kowa ba, akwai gwajin da ya ba ta kashi, da sauran tafiya mai tsawo a gabanta. Baba yana nan, wata rana da sauƙi wata rana sai a hankali. In ta zo gida ƙarshen mako sai ta tarar Inna ta tara mata matan layi, wannan gwiwa, wannan jiri, wannan jikanta ba ya cin abinci. Auta takan auna musu hawan jini, ta ce su tafi asibiti, don ita har yanzu sunayen ƙasusuwa kawai ta sani. Inna takan ce to ko sunan ƙashin da yake musu ciwon ne ta faɗa musu mana, kada su koma hannu rabbana. Makon jiya ni ma na miƙa mata kafaɗata, ta faɗa mini wani suna mai tsawo da na kasa maimaitawa, ta ce in rage zama a kan keken ɗinki.