Waken Inna Mai Faɗin Kara

Waken Inna ba kamar na kowa ba ne. A cikin kowane layi sai ka tarar da wasu gindi da karansu ya baje ya yi faɗi kamar ɗamara, ganyen kuma ya taru a ka cunkus, maimakon ya bi jikin kara ɗaya bayan ɗaya. Daga wajen mahaifiyarta ta samo irin, can wajen Kunci, kuma tun ina yarinya nake ganinsa ban taɓa tambaya ba. Yana 'ya'ya, awaki suna cin harawarsa, shi ke nan.

Sai da na yi karatu a Bici na dawo ina koyar da kimiyya a makarantar garinmu abin ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. Da rani na jera gwangwanaye a bayan aji, na shuka na Inna gefe da na kasuwa, har ganyensu yana gogar juna. Na murje ganyen mai faɗin na shafa wa na kasuwa ruwansa. Ko gezau. Na kasuwa ya tashi siriri abinsa, 'ya'yan mai faɗi kuwa suka fito da faɗin uwarsu. Sau uku na maimaita. Ashe umarnin da ke gaya wa kan tsiro inda zai tsaya da inda zai fitar da ganye, a cikin ƙwayar irin yake, kuma a wannan zuriyar ya ɗan sauya. Gado ne, kamar cindo a wasu gidaje.

A wajenmu gona ba ta da inda za ta juya. Layin gamba ɗaya ne ya raba ta Inna da ta Baffa, yayan mahaifina, wanda tun rasuwar Baba shi ke yanke magana a gidan. Wata damina sai ga mai faɗin kara ya ɓulla a gonarsa, gindi wajen goma. Ya ce cuta ce ta tsallako. Maƙwabta suka ɗauka, kowa ya shiga duba nasa. Aka ce a tuge na Inna kaf a ƙone, alhali ya fara fure, kuma irin da ya rage mata duk shi ne a ƙasa.

Inna ta ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Wallahi wannan maganar ta fi ta Baffa ƙona mini rai.

Ranar Asabar da hantsi Baffa ya zo gonar Inna da maza uku da fartanyoyi. Na riga su. Na tsaya a bakin layin farko, na ɗaure mayafina a ƙugu.

"Ke, matsa," in ji Baffa.

"Baffa, ka yi haƙuri, ba zan matsa ba. Wannan ba cuta ba ce."

"Iko sai Allah! Bokon naki har ya kai ki koya mini wake?"

Na ba shi labarin gwangwanayen. Ɗaya daga cikin mutanen ya yi dariya, ya ce ashe malama noman gwangwani take yi. Nan fa zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "Abin nan ba ya tafiya a iska, ba ya bin ruwa, ƙwaro ba ya ɗaukarsa. Sai an shuka shi da hannu. Duk gonar da ya fito, irin daga tulun Inna ya fita. Baffa, a ina ka samo irin da ka shuka bana?"

Baffa ya dubi ƙasa. Ni ban sani ba a lokacin, ashe ƙwari sun cinye irinsa tas da bazara, Inna ce ta auna masa kwano biyu ta aika a rufe, ba wanda ya ji. Shi kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da ke tsorata shi a cikin kwanon ya shigo ba. Mazan suka saɓa fartanyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Shi ne na ƙarshen tafiya.

Kwana uku Inna ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Na rufa masa asiri, kin je kin yaye a gaban mutane." Na ce, "Inna, shi da aka rufa wa asiri ne ya zo tuge miki wake." Na ji zafin ɓacin ranta, amma ban ba da haƙuri ba, har yau ban bayar ba. Waken ya nuna, muka roro shi buhu guda da ɗoriya.

Da bazara ta zagayo, Inna ta miƙo mini kwano. "Ke kika yi magana, ke za ki kai wa Baffanki iri da kanki."

Tulu biyu ne a ɗakin, na ware su da hannuna: na siririn kara da na mai faɗi. Inna tana kallona na cika kwanon daga na mai faɗi, na ɗora a ka, ban rufe shi ba.