Gwafar da Yaya Ari Ya Hana a Kafa

Bana shekara tara ke nan da muka binne yayana Ari a Gure. Ban taɓa jin zafin rashinsa ba kamar ranar da rediyo ya ce sojojin Faransa sun naɗe tabarmarsu sun bar ƙasarmu. Da yana raye, da kunnuwanmu sun sha "ai na faɗa muku".

Makiyayi ne mai taurin kan tsiya, shi ke riƙe da rijiyar gidanmu a Alakos. A al'adar makiyaya ba a hana baƙo ruwa, amma baƙo ba ya kafa gwafa, wato itacen nan mai baki biyu da ake rataya igiyar guga. Wanda ya kafa ta ya sami rabo a rijiyar, shi da jikokinsa.

Shekarar da ɓarayin raƙuma suka addabe mu, wani attajiri mai babban garke ya zo da 'yan bindigarsa. Zai tsare mu, in ji shi, a bar shi kawai ya kafa gwafa guda. Dangi suka matsa a yarda. Yaya ya ce, "Alhaji, raƙumanka su sha har su bari. Gwafa dai, a'a."

Ya ɗaura sirdi ya bi maƙwabtanmu na Kelle da Gamu, waɗanda ɓarayin ke damu kamar mu, aka yi alkawari duk wanda aka taɓa kowa ya taso. Duk da haka an kore mana raƙuma, an kuma yi masa dariya a kasuwa. Rijiya dai ta zauna tamu.

Yau Amurkawa ma sun kama hanya, mun dafa kafaɗa da Mali da Burkina, kuma wallahi ina alfahari. Da Yaya Ari yana nan, da ya fi ni murna. Sai dai na san halinsa. In ya ji Rasha ta iso, wasu manyan ƙasashe kuma suna leƙe, zai tambaya: ruwa suka zo sha, ko da itace a kafaɗarsu? Baƙo raɓa ne, zai ce, ko daga ina ya fito.

Dukiya bai bar ta a zo a gani ba. Halinsa ya bari, a jikin ɗansa Kiyari. Bara fari ya koro garken attajirin nan har bakin rijiyarmu, raƙuma duk sun rame. Kiyari ya ja musu ruwa da hannunsa har suka ƙoshi, ya yanka wa masu kiwon akuya. Da gari ya waye, ya raka su hanya.