Telan da Ya Tsaya a Tsohon Awo

Benci ɗaya muka zauna da Dogo a makarantar mishan. Ni na zama akawu, shi ya zama tela. Duk tsawon aikinsa bai taɓa rubuta awon mutum ba. Zai zagaya ƙugunka da tef, ya yi gyaran murya, shi ke nan awon ya zauna a kansa.

Da tsufa ya zo, mantuwa ta kama shi. Sabon awo ya daina zama, tsohon kuwa yana nan daram. Na kai masa yadi, ya ɗinka mini wandon saurayin da nake a shekarar da na yi aure. Ko gwiwata bai wuce ba.

"Tumbinka ne ya yi ƙarya, Akawu," in ji shi. "Awona daidai yake."

Autarsa, wadda ke binciken ƙwaƙwalwa, ta zo da niyyar rufe shagon. Ta zaunar da mu kusa da keken ɗinki, ta yi bayani a tsanake. Ta ce a kowace mahaɗa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai 'yan ma'aikata masu karanta umarni su haɗa furotin, sinadarin da ke ƙarfafa mahaɗar, nan take. Idan suka yi sanyi, sabon abu ba ya kamawa, mahaɗar ta yi ta saki.

"Ashe teloli ne a kaina," in ji Dogo. "To, Auta, su sun ajiye aiki, ni ma so kike in ajiye?"

"Baba, wa zai sa abin da kake ɗinkawa?"

Ya dube ni, na dubi rufin kwano.

Da na koma gida na jefa wa jikana wandon don ya yi tsumma. Ya zura, ya zauna masa kamar an zuba shi a ciki. Na sanar da sauran tsofaffin layinmu. Yanzu mu muke zuwa awo, mu tsaya ƙyam muna riƙe numfashi, jikoki su sa kayan.

Auta ta ga samari na wucewa da wanduna masu faɗin ƙafa irin na zamaninmu. Ta daɗe a ƙofar shagon tana juya makulli a hannu, sannan ta miƙa wa ubanta.

A ranar ya manta sunana, ya kira ni da sunan ƙanena. Amma da zan fita ya ce, "Ka rage tumbin nan, kana ɓata mini suna."