Kunnen Kerubo

Kerubo Nyanchama tafinta ce a wata ƙaramar kotu a Nairobi. Daga Litinin zuwa Juma'a tana tsaye kusa da akwatin shaida, tsofaffin da suka zo daga Kisii su yi magana da harshen gida, ita kuma ta juya wa alƙali. Ran Asabar da rana sai ta hau matatu, ƙaramar motar haya, zuwa Rongai, ta shiga wani ɗakin kwano a bayan shagon faci, ta zauna a bayan ganguna. Shekara tara ke nan tana kaɗa wa ƙungiyar kiɗan rok da ake kira Jiko Baridi.

A coci ta koyi ganga. Mahaifinta, shugaban mawaƙa, ya sha cewa hannunta ya yi wa waƙar yabo nauyi. Da ta zo jami'a ta tarar da masu son nauyin: Gitonga, mai jita da rera waƙa, da Omollo, mai jita shi ma. Gitonga ke rubuta baiti, Omollo ya ɗora masa kiɗa. In ɗaya ya yi waƙa shi kaɗai, lami take fitowa kamar miya ba gishiri. Dukansu sun san haka, kuma abin da ke ci musu rai ke nan.

Faɗan nasu ba na zage-zage ba ne, a amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita, suke yin sa. Kowa da tasa, ta Gitonga a hagun Kerubo, ta Omollo a damanta, kowace da maɓallin sauti mai ɗan farin layi da ke nuna lamba, daga sifili zuwa goma. A fara gwaji a kan shida. Kafin a kai amshi Gitonga ya ja baya kamar zai gyara waya, ya murɗa zuwa bakwai. Omollo ya ji, ya sunkuya kamar zai ɗaure takalmi, ya kai takwas. Kafin la'asar kwanon ɗakin na karkarwa, Kerubo na dukan ganga kamar mai sussuka don dai ta ji kanta. Masu jita mai kaurin murya biyar suka shigo ƙungiyar suka gudu. Na shida, Saidi, auduga yake cusawa a kunne ya jingina da ƙofa.

"Tafinta, gaya wa mutumin nan ba na jin muryata," in ji Gitonga.

"Gaya masa ba a yi asarar komai ba," in ji Omollo.

"Ga ku ga juna, taku uku ne tsakaninku," Kerubo za ta ce. "Yau Asabar, ba na aiki."

Da farko ƙarar da gwajin ke bar mata a kunne, siririya kamar kukan gyare, takan tafi kafin Lahadi da yamma. Daga baya ta riƙa kwana har Laraba. Sannan ta zauna daram. Wata rana a kotu wata tsohuwa tana ba da shaida a kan iyakar gona, murya ƙasa-ƙasa, sau huɗu Kerubo na cewa, "Mama, maimaita." Alƙali ya dube ta ta saman tabarau, ya ci gaba da rubutunsa. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mata sauƙi.

Likita ya gwada ta, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, saura kuma a hannunta yake. Robar toshe kunne da take sawa ba za ta isa ba a irin wannan ɗaki. Ko a rage ƙara, ko ta ajiye sanduna.

Ba ta gaya musu ba. Watanni Gitonga na ta yabon wata ganga ta kwamfuta wadda, a cewarsa, ba ta makara, ba ta mura. Ta san su sarai: za su yi mata fuskar tausayi, su ce ta huta, su jona kwamfuta. Sai ta bi ta lallami. Ta roƙe su. Ta ɗiga jan farce a kan lamba biyar, Omollo ya kankare da ƙumba yana cewa ƙazanta ce. Ta kawo mandazi, irin fankensu, mai zafi, suka cinye, suka ba ta gaskiya da baki cike, suka kai tara.

Wata Asabar ta riga kowa zuwa, da cokalin shayi a jaka. Ta sa bakin cokalin ƙarƙashin maɓallin Omollo, ta ɓamɓaro shi daga ƙarfen da yake kai, ta mayar da shi a karkace, yadda layin zai nuna takwas alhali sautin na biyar ne. Ta yi wa na Gitonga haka. Ta zauna tana shan shayinta.

Aka fara a shida, aka hau bakwai, aka hau takwas, kowa ya dire a goma ya tsaya, don a saninsa babu gaba. Ran nan Kerubo ta fara jin baitin wata waƙa da ta shekara uku tana kaɗawa. Ashe a kan kakar Gitonga ce. Saidi ya zare auduga ɗaya ya duba ta, ya dubi ɗakin.

"Ka gani?" Gitonga ya ce mata a hanyar tasha. "Mutumin ya fara hankali. Girma ne ya zo."

Ba a jima ba Omollo ya kira ta a waya. "Kin lura ya rage? Na san wata rana zai gaji."

Ta kusa jefa wayar ta taga.

Wata biyu asirin na rufe, saboda dalili guda: tunda aka haife su, ba wanda ya taɓa murɗa maɓallin nan ƙasa da shida. A cikin wata biyun suka gama sababbin waƙoƙi huɗu, kowa na yaba wa kansa haƙuri.

Sai aka gayyace su wasan rana a wani fili a hanyar Ngong. Mai haɗa sauti a wurin, wani dattijo da ake kira Wafula, ba ya jona waya sai an kashe komai.

"Samari, ku mayar da su sifili tukuna."

Omollo ya murɗa, layin ya zo uku ya cije. Ya ƙara ƙarfi, ko gezau.

"Baba, ta lalace."

Wafula ya leƙa, ya yi dariya. "Lafiyarta lau. Wani ne ya cire hular maɓallin ya sa mata a karkace. Tsohuwar dabara ce, mu ma mun yi wa na gabanmu."

Omollo ya juyo a hankali. "Gitonga. Ashe har ka kai nan? Ɓarawon zaune!"

"Ni? In taɓa wannan akwatin gawar taka? Allah ya kiyaye."

"To duba taka mu gani, malam mai tsarki."

Gitonga ya murɗa tasa. Layin ya tsaya a huɗu.

Suka dubi Saidi, ya ɗaga hannuwa sama. Sannan, karo na farko cikin shekaru, suka juya tare suka fuskanci wuri guda.

Kerubo ba mai son a zuba mata ido ba ce, shi ya sa ma ta zaɓi kayan kiɗan da ake ɓuya a bayansu. Amma haushin shekara tara ya fi kunyar ƙarfi.

"Ni ce. Da cokali. Kunnena na mutuwa, likita ya ce ko a rage ko in bari. A kotu sai na bi leɓen mutum kafin in gane me yake faɗa. Na roƙe ku, na kawo muku mandazi, kun ci kun ƙara. Wata biyu kuna kiɗa a rabin ƙarfi, ba wanda ya sani, kowa na ce mini ɗan'uwansa ya yi hankali. In kwamfutar kuke so, ga wuri, ku faɗa yanzu in kama matatu tun da rana."

Gitonga ya ce, "Wace kwamfuta? Ai don in ƙular da wannan nake faɗa. Shi ya tsane ta."

"Me ya hana ki gaya mana, 'yar'uwa?" in ji Omollo, muryarsa ta yi laushi. Sai ya ƙara da cewa, "Wane kunnen ne ya fi? Na hagu ko?"

"Kai, ji mugu! Na ɓangarena kake nufi?" in ji Gitonga.

"Tambaya na yi."

"Duka biyun!" Kerubo ta daka tsawa, har masu jera kujeru suka waigo. "Kowa ya ci rabonsa, kada wanda ya ji an cuce shi. Maɓallan nan yadda na sa su haka za su zauna. Wanda ya gyara, ya nemi mai ganga."

Ba wanda ya musa. Omollo ya sunkuyar da kai yana murza igiyar jitarsa. Ta fara sakin numfashi ke nan Gitonga ya yi gyaran murya.

"Na yarda. Amma a yi adalci. Don me nawa huɗu, nasa uku?"

"Taka ta fi girma."

"Ba ruwana. Ko a mayar da ni uku, ko a kai shi huɗu."

"Ka ji ɗan baƙin ciki," in ji Omollo. "Yarinya na kurumcewa, shi lamba yake ƙirgawa."

Mai shela ya riga ya hau dandamali yana kiran sunansu. Kerubo ta dube su, manyan mutane, ɗaya har da furfura a gemu. Ta juya wajen dattijon.

"Baba Wafula, don Allah ko akwai cokali a kusa?"

Ya zaro sukudireba daga aljihu ya miƙa mata. Ta durƙusa gaban amfilifayar Omollo, ta ɓamɓare maɓallin, ta ƙara karkata shi zuwa huɗu. Omollo ya tsaya a kanta yana huci, amma bai hana ta ba. Ta koma bayan gangunanta, ta cusa robar kunnenta, ta ɗaga sanduna. Su kuwa har sun shiga gardamar waƙar da za a fara da ita, don haka ba ta jira su ba, ta zaɓa musu.