Kiɗan Da Na Goge

Na daɗe ina fassarar fina-finai a nan Ƙanƙara, na ga yabo na ga zagi, amma ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da makaho ya kalli aikina ya ce in kashe. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kullum kuna ƙorafin na cika tsanani a kan tsofaffin fina-finai. To ku ajiye wayoyinku ku ji dalili.

A lokacin mu uku ne a shagon. Alhaji Kabiru shi ne mai gida, ni ne mai fassara, sai mai haɗa sauti, wanda ya tafi ƙauyensu yankan dawa ya bar mini aikinsa. Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take: a ɗora fim a kwamfuta, hoto ya hau layinsa, sauti ya hau nasa, sai mai fassara ya zauna gaban makirfo ya yi maganar kowa da Hausa. Muna da al'adunmu da ba wanda ya taɓa tambayar dalilinsu. Sunayen nan da ke fitowa a farkon fim, na darakta da 'yan wasa da mai kiɗa, yanke su muke mu sa tallar shago. Mugun fim kuwa, da ya leƙo muke kiransa Bos, don kada mai kallo ya wahala. Babbar doka ita ce kada a yi shiru. Alhaji yakan ce in mai fassara ya yi shiru, mai kallo zai zaci memorinsa ne ya lalace. Ni kuwa Allah ya hore mini baki, ko ƙofa aka buɗe sai na yi mata sharhi.

Wata ranar kasuwa wata mata ta shigo, ta ce sunanta Malama Binta, tana koyarwa a wata firamare a Sabuwa. Ta kwance ɗankwali ta fito da kaset ɗin bidiyo, irin na da, takardar jikinsa ta goge ƙal. Na mahaifinta ne, Baba Mati na Tafoki. Ta ce a ƙuruciyarsa shi ne mai juya majigi a wani gidan silima a birni, kuma akwai fim ɗaya baƙi da fari da ya haska ya fi a ƙirga. Da silimar ta mutu mai ita ya ba shi kwafinsa a kaset. Bai yi boko ba, bai san sunan fim ɗin ba, shi dai Mai Agogo yake ce masa. Yanzu ciwon ido ya rufe masa gani gaba ɗaya.

Ta ce abu ɗaya yake so. A ƙarshen fim matar ciki tana faɗa wa mutumin wata magana, 'yar gajeruwa, wadda duk ranar da aka zo wurinta Turawa da 'yan bokon da ke silimar sai su yi tsit. Tun yana saurayi yake son sanin abin da ta ce. Ta roƙe ni in kula da kaset ɗin, shi kaɗai ne. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai gidan aiki ta zo.

Na kakkaɓe tsohuwar na'urar bidiyonmu na ɗora fim ɗin a kwamfuta, ya hau lafiya lau. Wajen mayar da zaren kaset ɗin baya ne na'urar ta tauna shi, ta yi masa kaca-kaca, ya fito kamar taliya. Ko a jikina. Na ce ai yana cikin kwamfuta.

Da na zauna kallo sai na ji haushi ya kama ni. Ba faɗa, ba tsere da mota, ba rawa. Wata mata ce mijinta ya mutu, tana zaune ita kaɗai a ƙaton gida mai bene, kullum ta tarar an taɓa mata kaya. Sai wani bawan Allah mai gyaran agogo da ke zuwa duk mako, salihi, ko ido ba ya ɗagawa. Na tsallaka ƙarshe na ga ashe shi ne mugun. Na ce madalla, an samu Bos. Maganar 'yan wasa da kiɗan a layi ɗaya suke a haɗe, ba a raba su, saboda haka na sauke layin gaba ɗaya na zuba kiɗan Indiya da muke da shi a ajiye. Na yanke sunaye na sa talla. Inda matar ta yi kusan minti uku tana hawan bene ba ta ce uffan ba, na cika shi da barkwanci har ni kaina ina dariya.

Da na iso maganar ƙarshen, raɗa ce ta yi, da irin Turancin nan na da mai sauri. Na saurara sau biyu ban kama ba. Azahar ta yi, yunwa na ci na, ga wani dogon fim ɗin Indiya yana jira. Sai na sa mata a baki: "Allah ya isa, munafukin banza!" Na fitar da aikin a memori, na goge na asalin don kwamfutar ta cika. Wallahi a ranar gani nake na yi gwaninta.

Malama Binta ta ce Baba yana son ya gaisa da wanda ya yi aikin. Muka hau babur zuwa Tafoki da hantsi, don kun san hanyar Faskari ba a yin yamma a kanta saboda 'yan bindiga. Muka same shi a zaure kan buzu, dogon tsoho siriri, ya sa farar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana sa mini albarka. Na buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka, na jona lasifika, na kunna.

Tallarmu ta fara. Na ga ya karkata kai. Kiɗan Indiya ya shigo. Mai gyaran agogo ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga muryata ta cika zauren: "To jama'a, ga Bos ya iso, shi ne zai hana baiwar Allah nan barci!"

Baba Mati ya ɗaga hannu. "Kashe."

Na zaci ƙarar ce ta yi yawa, na rage. Ya sake cewa in kashe. Sannan ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, kamar yana ganina.

"Malam Sanusi, ina gogen?"

Na ce wane goge, Baba. Ya ce gogen Turawa, masu yawa, waɗanda ke farawa can ƙasa-ƙasa tun ana rubuta sunaye. Ya ce a cikinsu akwai wani ɗan ƙas-ƙas kamar tafiyar agogo, kuma duk inda ka ji shi mutumin nan yana cikin gidan, ko ba a nuna shi ba. Mai kiɗan yana faɗa maka gaskiya tun farko, amma ba za ka gane ba sai ƙarshe, sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Ya ce shi bai iya karatu ba, amma ya san siffar sunan mai kiɗan nan, shi ne na huɗu da ke fitowa. Duk fim ɗin da aka kawo ya ga wannan sunan, ya san ranar ko tari ba za a yi a silima ba.

Ban taɓa jin an yi maganar fim haka ba, ni da nake cin abinci da fim. Ya ce ɗan wasan nan awa guda ya yi yana wahalar ɓoye kansa, yana sa ka ji tausayinsa, hannunsa kawai ke rawa in ya taɓa agogon matar. Shi kuma wanda ya tsara fim ɗin ya hana ka ganin komai sai inuwa da ƙafar bene, don tsoron da za ka ƙera da kanka ya fi wanda za a nuna maka. "Su duka sun taru sun ɓoye shi," in ji Baba, "kai kuma ka tona shi tun a sallama."

Ya ce ba komai, a sa mashi na asalin ya ji gogensa, fassarar a bari sai ƙarshe. Na dubi Malama Binta, na dubi ƙasa, na faɗa musu gaskiya: kaset ya tsinke, na asalin na goge, sunan fim ɗin ma yana cikin abin da na yanke, ban ko karanta shi ba.

Malama Binta ta dafe ƙirji tana salati.

"Da ido ya tafi ban yi kuka ba," Baba ya ce a hankali, "don na san in na ji gogen nan zan ga komi. Yau ne na makance."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ya ce wa ɗiyarsa ta kawo mashi tire da cokali. Ya ce in mayar da fim ɗin daidai inda aka fara nuna gidan, in kashe sautin gaba ɗaya, in ce mashi "yanzu" in ya fara. Ban san abin da ya sa na danna rikoda a wayata ba, amma na danna.

Na ce yanzu. Ya rufe baki ya fara gunji ta hanci, ƙasa-ƙasa, yana ja yana saki. Can ya ce, "Ta buɗe taga." Na dubi allo, matar tana buɗe taga. Ya ci gaba. Ya fara buga cokali a gefen tire, ƙas, ƙas, ƙas, ya ce in duba bayan labule. Na duba, sai ga takalmin mutum, wanda ni mai ido biyu na kalli wurin sau uku ban gan shi ba. Da aka zo hawan benen nan da na cika da barkwanci, ya ja muryarsa sama, siririya, tana ƙara tsini da kowace taka, sai ya yanke ta ɗif. A daidai wannan lokacin matar ta tsaya cak, hannunta a kan ƙofa. Jama'a, da rana tsaka, a zauren Tafoki, akuya na leƙowa, na ji gabana yana dukan uku-uku saboda fim ɗin da na riga na san ƙarshensa.

Haka ya yi har ƙarshe, sai wuri biyu da ya tsaya ya sha ruwa na dakatar masa. Da aka iso inda matar ta matso kusa da mai agogo, ya ajiye cokalin.

"To, mi ta ce mashi?"

Wallahi ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, kuma mai daɗi, wadda zai karɓa ya ji sanyi. Ba wanda zai taɓa kama ni. Amma na ce, "Baba, ban sani ba. Ban ji ba, na ƙirƙiri tawa na sa."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Ya ce to in cire tawa, in bar wurin shiru.

Na koma Ƙanƙara na kwashe mako guda ina ɗora gunjinsa da cokalinsa a kan hoton, na sake fassarar daga abin da na iya tunawa, magana kawai inda baki ya motsa. Alhaji Kabiru ya leƙo ya ce wannan wa zai saya, na ce ba na sayarwa ba ne. Na nemi fim ɗin a intanet, na nuna hotunansa ga duk wanda nake zaton ya san tsofaffin fina-finai, har yau ban dace ba. Baba Mati ya saurari nasa sau da yawa kafin Allah ya karɓi abinsa, Malama Binta ta ce kullum in an zo wurin sai ya karkata kunne.

Shi ya sa a shagon nan ba a yanke sunaye, ba a goge na asali, kuma ba a kiran kowa Bos sai fim ya kira shi. Mutanen da suka yi waɗannan fina-finai sun auna kowane shiru kafin su sa shi, kuma akwai mai kallon da ya fi ka sanin aikinsu ko da bai san bihim ba. Abin da ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba.

Ga memorin nan. Kowannenku zai sa abin kunne ya ji shi kafin ya taɓa makirfo. In kun zo ƙarshe za ku ga bakin matar yana motsi ba magana. Ba lalacewa ya yi ba. Numfashin da za ku ji a wurin na Baba Mati ne, yana jiran in faɗa mashi abin da ta ce.